Roƙon Tallafi: Kayan Kariya Ga Masu Yi Mana Ginin Islamiyya

Assalamu alaikum jama'a. Saƙo ne daga kwamitin masallaci da Islamiyyarmu ta nan Unguwar Rogo, Jos.

Waɗanda suke wucewa ta layin sun lura sati uku kenan ba a jin ƙarar shebur a wajen ginin saman ajujuwan, har wasu sun fara cewa wai kuɗi ne suka ƙare ko kwamiti ya samu saɓani. Ba ko ɗaya. Mu muka tsayar da aikin da kanmu.

Abin da ya faru shi ne, wani yaro lebura yana hawa da kwanon kankare a kai, katakon da aka shimfiɗa kan gora ya sha ruwan sama kwana biyu, silifas ne a ƙafarsa, ƙafa ta zame sai ji muka yi tim. Allah ya sa kan tulin yashi ya faɗa, taku biyu daga wajen rodi ne tsaye da aka bari ba rufi. Ya karye a hannu, mun kai shi asibiti mun biya, yana samun sauƙi alhamdulillah. Amma ni mai rubuta wannan saƙo da na koma na tsaya na kalli rodin nan wallahi jikina sai da ya yi sanyi, yaron nan ɗan unguwa ne, mahaifiyarsa tana sayar da masa a bakin titi, da me za mu je mu gaya mata?

Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labarin gini ba. Ranar 12 ga Yuli 2024 bene ya rufta kan ɗalibai a wata makaranta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, wasunmu da hannunsu suka tono yara. Kafin nan a 2021 dogon bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka tafi, mafi yawansu ma'aikata ne masu neman na tuwo. To mu ma bene muke ɗorawa kuma yara ne za su zauna a ƙarƙashin dekin.

Shi ya sa muka nemo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zagaya wajen, ya faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana. Na farko ya ce gora da katakon nan su sauka, a kawo sikafol, wato matakalar da ma'aikata ke tsayawa a kai, na ƙarfe mai maƙalli da shingen jingina, ba sai mun saya ba, haya ake bayarwa. Duk wanda zai hau sama ya ɗaura bel ɗin da ke kama kafaɗa da cinya, igiyarsa a maƙale jikin ginshiƙi ko ƙarfe mai ƙarfi, don in ka ɗaure ta jikin katakon da kake takawa tare za ku sauko. Hular kwano ga kowa, da takalmi mai ƙarfe a baki da ƙasa saboda ƙusa, da safar hannu, duk wanda ya taɓa cuɗa siminti ya san yadda yake cin fata.

Sai injin ɗaga kaya ɗan ƙarami, wanda ke jan bokitin kankare da bulo zuwa sama. Wannan shi ya fi min muhimmanci ni dai, don in babu mai hawa da kwano a kai rabin hatsarin ya tafi. Akwai kuma wata ƴar na'ura da ake sawa a layin wuta, da zarar wuta ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa take yankewa kafin ƙiftawar ido, masu walda da masu yankan rodi kuwa kun ga yadda wayoyinsu suke, ɗaure da leda a ƙasa mai jiƙe.

Maganar kankare ma ba ido za mu sa mu ce ya yi ba. Ranar zuba deki za a ɗebi kankaren a ƴan akwatuna a kai ɗakin gwaji, a matse a kwana 7 a sake a kwana 28 a ga ko ya kai ƙarfin da aka zana. Kuma ba mai cire tokaren ƙarƙashin deki sai injiniya ya ce a cire, ko da kafinta yana sauri yana son katakonsa ya kai wani aiki. Ya kuma ce a duba ƙasa da fandishon tunda asali ba don bene aka haƙa shi ba, ga shi garin nan cike yake da tsofaffin ramukan kuza da aka cike aka yi gidaje a kai.

Matasanmu kuma sun kawo shawarar kyamara mai sola wadda ake kallo ta waya, injiniya yana wani wajen zai ga wanda ya hau ba hula ya bugo wa shugaban leburori. Wani dattijo ya ce ai wannan ƙarya ce irin ta ƴan boko, muka yi dariya, amma da aka tuna buhunan siminti da suka yi ƙafa bara shi ya fara cewa a sa. Kullum da safe kuma za a turo hoton sikafol a WhatsApp na kwamiti kafin kowa ya hau.

Na san wani zai ce komai ƙaddara ce. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Matsalar da muka gani ita ce in aka ce siminti ko kwanon rufi jama'a suna zuwa da gudu Allah ya saka, don abu ne da mutum zai nuna ya ce da nawa a ciki, amma da aka ce hula da bel sai wajen ya yi tsit. Kuɗin da ke hannunmu na siminti da rodi ne, da sunan haka aka ba mu, ba za mu karkatar da amana ba. Don Allah iyayenmu da yayyenmu, Alhazai ƴan kasuwar Katako da Dilimi, iyayenmu mata na makarantar dare, da ƴan unguwa mazauna Abuja da Kano, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ba dole sai kuɗi ba, mai hular kwano ko takalmi da ya ajiye ya kawo, mai sikafol ya ara mana ko ya rage kuɗin haya, mai aikin wuta ya ba mu yini ɗaya fisabilillahi.

Cikakken lissafi da farashin kowane kaya yana manne a allon masallaci. Ma'aji yana zama bayan sallar Juma'a da bayan isha'i kullum, a karɓi rasit ko da naira ɗari biyu aka bayar. In an gama aiki kayan za su zauna a sito, duk masallaci ko makarantar da ke gini a kusa ta zo ta ara. Birkiloli suna jira mu kira su, mun ce musu sai sikafol ya iso. Allah ya ba da ikon taimakawa.

Kwamitin Gini