Ba a banza laima take fizgar mutum ba, a duba naɗin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, na karanta rahoton da kuka buga kwanakin baya a kan masu tsalle daga jirgin sama da laima, gaskiya naji daɗi don ba kasafai ake taɓo wannan fannin da Hausa ba, sai dai akwai magana ɗaya da ta tsaya min a rai, inda mai rubutun yace wai in laima ta buɗe dole ne ta fizgi mutum da ƙarfi, haka abin yake. Ni dai na daɗe ina wannan wasan kuma wallahi ba haka bane. Laimar da aka naɗe yadda ya kamata a hankali take buɗewa, daƙiƙa uku zuwa biyar haka, zaka ji ta fara miƙar da kai tsaye, sai ta ɗan yi jinkiri tana shan iska, sannan ta cika. Wadda ta buɗe farat ɗaya mugun buɗi muke ce mata, kuma abin tsoro ce, tana karya ƙashin cinya, tana lalata wuya da baya, an ma samu waɗanda suka rasa ransu saboda babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya ta yage. Shi yasa nace bari in rubuto, kar sabon shiga ya karanta ya ɗauka in ya sha fizga shiru zai yi.

Mutumin da ke faɗowa rub da ciki yana gudun kilomita 190 zuwa 200 ne a awa ɗaya. Duk wannan gudun laima ce zata cinye shi, toh in ta cinye shi cikin daƙiƙa huɗu jiki zai ɗauka lafiya lau, in kuma cikin ƙiftawar ido tayi to jikinka ne zai biya. Kusan duk abinda mai naɗi yake yi a kan tabarmar naɗi don a ja wannan lokacin ne ya ɗan yi tsawo.

Ni kaina na sha, kuma laifina ne. Ranar an kira cewa saura minti goma sha biyar jirgi ya tashi, ina so in shiga wannan zuwan tare da abokaina, laimar kuma sabuwa ce, irin yadin nan da iska bata ratsa shi, santsi gareshi kamar me, kana danna nan yana kumburowa can. Ina kokawar tura ta cikin jaka naji a hannuna cewa wani abu ya zame daga ciki, na san silaida ce, wato ɗan yadin da ke rage saurin buɗewar laima, amma nace ai ba komai. Roba ɗaya cikin masu riƙe igiyoyin laima a jikin jakar kuma ta saki, na ganta da idona ta yi laushi, na bar ta. Na jefa ƙaramar laimar da ke ciro babbar a tsayin wajen ƙafa 3,500 daga ƙasa, kafin in ce me naji kamar an maka min katako a ƙeya, haɓata ta daki ƙirjina, idona yayi duhu, numfashi ya ɗauke. Da na dawo hayyacina na ɗaga hannu zan kamo igiyar birkin laimar sai naji hannun dama baya son ɗaguwa. Allah ya taimaka na sauka lafiya, amma da dare da na duba cinyoyina duk inda madauri ya bi yayi baƙi ƙirin, kuma na fi wata guda in zan waiga sai dai in juya da duk jikina.

Silaidar nan ita ce uwa uba. Wani ɗan yadi ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da zoben ƙarfe, igiyoyin laima sun kasu gida huɗu kowane kashi ya bi ta zobe ɗaya. Lokacin buɗewa tana can sama maƙale da bakin laimar ta tattare ta, iska na tura ta sama, laimar kuma na son bajewa tana tura ta ƙasa, wannan ja-in-jar ce take sa buɗin ya zo a hankali har silaidar ta sulalo ta sauko kan mutum. Laima mai kusurwa huɗu da muke amfani da ita yanzu ta samo asali ne daga ƙirar Domina Jalbert a shekarun 1960, kuma farkon fitowarta babbar matsalarta kenan, mugun buɗi, anyi ta gwada dabarun igiya da zobba kafin silaida ta bazu a shekarun 1970. Kaga kenan abin da ya ɗauki mutane shekaru suna nema shi ne mu muke wasa da shi saboda saurin minti biyu. In zobban nan huɗu basu kai maƙura ba, har sun jingina da matokaran da aka ɗinka musu a gefen laimar, ko da tazarar yatsu kaɗan ce, iska zata riga silaidar shiga cikin laimar, shikenan ta baje kafin a tare ta. Kuma ba kaiwa sama kaɗai ba, sai an baza ta gida huɗu a tsakanin igiyoyin don ta kama iska da wuri, sannan a riƙe ta da hannu har laimar ta shige jaka, don mafi yawa a wurin turawa jakar take zamewa, kamar yadda tawa tayi.

Sai robobi. Mutane suna raina su don ƙananan abu ne. Tsarin shi ne ƙaramar laima ta ciro jakar daga bayanka, igiyoyi su warware ɗaya bayan ɗaya daga cikin robobin har su miƙe tsaf, sai a ƙarshe robobin da suka kulle bakin jakar su saki, laima ta fito. Igiya tukuna, yadi daga baya. In robobin sunyi laushi, musamman na bakin jakar, fizgar farko zata zubar da igiyoyin gaba ɗaya, laima ta fito ta fara shan iska alhali igiya bata miƙe ba, silaida ma ta sauka daga wurinta, kai kuma kana ci gaba da faɗowa da cikakken gudu sai kawai ka isa ƙarshen igiya ka tarar da laima a buɗe. Masu ƙera laima suna cewa kowace roba ta riƙe igiya har sai an ja da ƙarfin fam 8 zuwa 12 kafin ta saki, kunnen igiyar da ke leƙowa ta cikin robar ya kai kamar inci biyu, kuma a bar wajen inci 18 na igiya a sake tsakanin robar ƙarshe da madaurin kafaɗa. Da siraran igiyoyin zamani zagaye ɗaya baya riƙewa sosai, shi yasa da yawanmu muke zagaya robar sau biyu. Ni yanzu robar da na ga ta fara tsagewa ko ta saki a take nake cire ta, ko da ana kiran sunana ne a lasifika.

Amma in faɗi gaskiya ba kullum ne naɗi ke da laifi ba, kuma bana son a riƙa ɗora wa masu naɗi komai, mutanen da suke wuni a durƙushe suna naɗe wa wasu. Akwai igiyar Spectra, zafin gogar zobban silaida yana sa ta tsuke a hankali, na gefe da na birki sun fi tsukewa, bayan tsalle ɗaruruwa sai siffar laimar ta canza buɗinta ya rikice ko da waye ya naɗe ta. Igiyar Vectran bata tsukewa haka amma ita ma bata da ba-da-kai, duk fizgar kai tsaye take isowa jikinka, Dacron kuwa tana da kauri da cika jaka amma tana ɗan miƙewa ta shanye wani abu, shi yasa wasu masu ɗaukar hoto da kyamara a kan hular kwano suke son ta saboda wuyansu. Ƙaramar laimar da ta fi ƙarfin babbar ita ma tana ƙara fizga. Sannan ga mutum kansa, wanda ya gama faɗowa kai ƙasa yana gudun sama da kilomita 250 a awa, bai tsaya ya baje jiki ya rage gudu ba ya jefa ƙaramar laimar, toh wannan ko malamin naɗi ne ya naɗe masa zai ji a jikinsa.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake ɗaukar laimar ko-ta-kwana da muhimmanci, a Amurka doka ce duk kwana 180 sai ƙwararre mai lasisi ya buɗe ta ya duba ya sake naɗewa ya sa hannu, amma babbar laimar da ake buɗewa a kowane tsalle sai kaga mutum ya murɗe ta cikin minti bakwai yana hira yana kallon agogo. Na ga yaro sabon lasisi ya sauko yana dafe da wuya, manya suna dariya suna ce masa ai haka ake zama gwani, babu wanda yace zo mu buɗe mu ga yadda kake naɗi. Ni na ja shi gefe muka shimfiɗa laimar, ina kallo ya kai silaida sama daidai, yana zuwa ninkewa ya sake ta, zobba biyu suka sulalo ƙasa bai ma lura ba. Na kama hannunsa na ɗora a kan zobban ta cikin yadin nace ka ji su? Kar ka ɗaga hannun nan sai ta shiga jaka.

Don Allah Malam Edita ku gyara waccan maganar a fitowa ta gaba. Duk wanda laimarsa ta fizge shi sau biyu a jere ya daina tsalle da ita tukuna, ya kai wa ƙwararre a auna igiyoyin a duba silaida da ƙaramar laimar, ya kuma naɗe a gabansa ya gani. Wanda kuma ya sauko yana jin hannunsa na mutuwa ko yatsunsa kamar ana tsira musu allura ya tafi asibiti a duba wuyan kafin ya sake hawa jirgi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatunku, ɗan wasan laima