Wasiƙa daga Jidda

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baffa. Na san za ka ce sai da mota ta lalace na tuna da kai. Faɗi son ranka, amma wallahi ranar Alhamis sunanka na yi ta kira a bakin titi. Tukuna ma, dabinon da na ba Dogo ya iso hannunka kuwa? Ajwa ce ta Madina, kada ka yarda ya ce maka ta ƙare a jirgi.

Camry ɗin nan ce da ka sani, ƙirar 2008. Na ɗauko Inna za mu yi umra, muka tsaya a Bahra muka yi la'asar. Da muka dawo na murɗa makulli, kik yana juyawa garau, amma injin ya ƙi kamawa. Rana kuwa kamar za ta narka kwalta, ga tsohuwa a kujerar baya da carbinta. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ka san ba ta jure zafi tun ciwon bara.

Nan da nan mutane suka taru. Wannan ya ce batir, wancan ya ce a tura. Batirin da yake juya injin da ƙarfi haka, me ya yi? Kuma motar da ba ta da kuloci, wa zai tura ta ta tashi? Wani bakanike ya leƙa, ko hannu bai sa ba, ya ce famfon mai ne, a kira mai sadaha, wato motar ɗaukar motocin da suka lalace, a kai masa gareji. Saura kaɗan in yarda. Sai maganarka ta faɗo mini, wadda kake yi wa yaranka kullum: mai, wuta, iska, a tambayi kowanne kafin a taɓa aljihu.

Na sa Inna ta koma inuwar masallaci, na kunna makulli ban yi kik ba.   Na duba fis, lafiya lau. Fitilar makulli ma ta mutu yadda ta saba, ke nan motar ta gane makullinta. Na zare koyil ɗaya, na sa fulogi, na jingina shi da jikin injin, wani yaro ya yi mini kik. Ko ƙyas. Allurar da ke nuna juyin injin kuma ko motsi ba ta yi. A nan zuciyata ta tafi kan sansar kiransha, mai lura da juyin injin, don in ba ta gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, cewa injin yana juyawa ba, ba zai saki wuta ba, ba zai saki mai ba.

Bayan magariba, da ƙarfe ya huce, murɗa ɗaya ta tashi! Inna ta ce addu'arta ce, na ce ƙwarai, Inna.

Af, ka ji Dogo zai ƙara aure? Shi da ya rantse mana a unguwar Karantina ta nan Jidda. Ita Karantinar ma in ka dawo ba za ka gane ta ba, tun rusau ɗin 2022 jama'armu suka watse, har mai tsiren nan naka ban san inda ya koma ba. Kai kuma an ce ka yi tumbi tun da ka koma Kano, har sai yara sun shiga maka ƙarƙashin mota. Gaskiya ne?

Washegari na kai ta aka sa kwamfuta, ta nuna lambar matsala P0335. Sansar ce, da zafi ya yi yawa sai ta ɗauke, da ta huce ta dawo. An ce in je tashlihin Briman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, in samo ta hannu, na ƙi, sabuwa na saya. Tana can ƙasa kusa da fulin injin, ƙusa ɗaya ce ta riƙe ta. Da hannuna na ɗaura, kuma jiya na hau da ita dutsen Hada har Ɗa'ifa, ko tari ba ta yi ba.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba: wayar sansar ta bushe, robarta tana fashewa. In naɗe ta da tef, ko in sake soket ɗin gaba ɗaya? Amsa mini da wuri, don ranar Juma'a zan mayar da Inna Makka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na Jidda