Babana, Ba Zan Saya Maka Sakamako Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da baffanka da iyalinsa baki ɗaya. Mu nan Rano lafiya lau, an gama yankan gero, dawa ce ta rage a gona. Ummanka tana gaishe ka ƙwarai.

Na zaɓi in rubuto maka takarda ne saboda maganar da muka fara a waya ran Juma'a ba ta ƙare da daɗi ba. Na ɗaga murya, kai kuma ka yi shiru, na san shirun nan naka ba yarda ba ce. Takarda ba ta da tsawa. Ka karanta ta a natse, in ka ga dama ka maimaita.

Abin da ka roƙa na gane shi sarai. Kana so baɗi, in za ka shiga aji 3 na babbar sakandare, in cire ka daga makarantar gwamnati in kai ka waccan ta bayan gari da abokinka ya faɗa maka, inda ake biyan kuɗi a ba yaro tabbacin kiredit a WAEC da NECO, a rubuta musu amsa a allo ranar jarrabawa. Hujjarka ita ce makarantarku ba a koyar da komai, don haka ba ku da mafita sai wannan. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma da ita zan fara.

Ban faɗa maka ba, amma ranar da na shigo Kano tantance 'yan fansho na biya ta makarantarku. Ban nemi a kira ka ba, so nake in gani da idona, gani ya kori ji. Na tsaya a bakin taga ɗaya daga azuzuwanku ina ƙirga kawuna, na haura 90 na bari. Na gaba suna kan benci, na baya wasu a ƙasa, wasu sun ɗare kan taga. Allon ya koɗe har alli ba ya fita sosai. Malamin yana iya ƙoƙarinsa, amma muryarsa ba ta wuce layi na huɗu. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Na yi shekara 35 ina riƙe da alli, na san abin da hakan yake nufi: malamin da yake da yara 90 a aji, kuma yana shiga azuzuwa biyar, in ya ba da aikin gida littafi 450 ke jiransa. Yaushe zai duba su? Shi ya sa ba a ba ku aikin, in an bayar ma ba a dubawa. Na leƙa ɗakin gwaje-gwajenku, na ga kwalabe sun yi ƙura, famfo babu ruwa. Na fito raina a ɓace, ban ci abinci ba sai da na dawo gida. Saboda haka kada ka ɗauka tsohonka yana ƙauye bai san halin da kake ciki ba.

Amma kada wani ya ce maka makarantar gwamnati haka Allah Ya halicce ta. Rumfa da kake wucewa ta gabanta, tun 1927 take, a lokacin sunanta Midil ta Kano. Marigayi Sarki Ado Bayero ya zauna a bencinta, Murtala Muhammad ma haka. Barewa da aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta ƙare a Zariya, ita ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa. A 1977 jihar nan ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka zaɓo yara da jarrabawa, aka ba su malamai da kayan aiki, kuma in ka shiga asibitocin Kano yau za ka tarar da likitocin da can suka fito. Duk na gwamnati ne. Ɗan sarki da ɗan maƙeri benci ɗaya suke zama.

To me ya faru? Wani ɓangare na labarin da ni aka yi shi. A 1976 aka ƙaddamar da UPE, aka ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Niyya ce mai kyau, kuma ba don ita ba da 'ya'yan talakawa da yawa ba su ga aji ba. Amma yaran da suka zo sun fi waɗanda aka shirya wa, sai aka shiga neman malamai ido rufe. A wannan guguwar muka shiga kwalejin horon malamai muka fito da Gired 2. Cikinmu akwai gwanaye, akwai kuma waɗanda aka miƙa wa alli alhali su ma suna bukatar mai koya musu. A 1982 aka kawo tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, da nufin yaro ya koyi sana'a tun a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna, na ga wasu da idona sun tsufa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu wanda ya iya harhaɗa su. Birni kuma ya yi ta cika yana batsewa, unguwannin da muka sani gonaki suka zama gidaje, azuzuwa ba su ƙaru daidai da haihuwa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe: masu faɗa a ji suka kwashe 'ya'yansu suka kai makarantun kuɗi. Ranar da ɗan kwamishina ya daina zama a ajin gwamnati, ranar rufin ajin ya rasa mai jin zafin yoyonsa. A 2024 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda ko ba komai amincewa ce da cewa abin ya kai intaha. Ina addu'a a ga amfaninta. Sai dai kai ba ka da lokacin jiran gyara, shekara ɗaya da rabi ta rage maka.

Akwai kuma laifin da ya shafe ni kai tsaye, gara ka ji shi daga bakina. Sau da yawa a ƙarshen shekara na sa hannu yaro ya wuce aji na gaba alhali na san bai iya karanta shafi guda ba, saboda an ce ba a maimaita aji, saboda wasu na tafe a baya suna neman wurin zama. Irin waɗannan yaran su ne suke isowa sakandare suna kwafar abin da ke allo kamar masu zanen hula, ba su san me yake cewa ba. Har yau in na tuna wasu fuskoki ina neman gafarar Allah. Don haka in ka ji na ƙi sayen sakamako, ka sani mutum ne yake magana wanda ya ga ƙarshen turawa gaba babu ilimi.

Yanzu ga rabin maganarka da ban yarda da shi ba. Ka ce sai da satar amsa za ka fita. A ce na sayar da buhunan dawa na biya, ka fito da kiredit tara. Sai me? JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Kai da na'ura ne, darussa huɗu, maki 400, babu allo, babu mai raɗa maka a kunne. In ka tsallake wannan da ƙyar ka shiga Bayero ko wata jami'ar, malamin shekarar farko zai ɗora ne a kan abin da takardarka ta ce ka sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san yaran da suka shiga da sakamako mai ƙyalli aka sallamo su bayan shekara ɗaya ko biyu, kuɗi ya tafi, shekaru sun tafi, suka dawo gida ba sa son haɗa ido da kowa. Ban da haka, hukumar jarrabawa tana riƙe sakamako ko ta soke na cibiya sukutum in ta gano maguɗi.

Wannan duk lissafin duniya ne. Kai da ka sauke Alƙur'ani ka san hadisin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Takardar da ta ce ka san kimistiri alhali ba ka sani ba, busasshen hatsi ce a saman jiƙaƙƙe. Kai kuma likita kake son zama. Wa zai kwanta a gabanka? Ummar wani, ko taka. Ka ci sunan mahaifina, mutumin da ya yi shekaru yana awo a kasuwa ba a taɓa kama mudunsa da tawaya ba. Ba zan sa hannuna in ɓata wannan suna ba.

To me za ka yi? A makarantar nan da kake rainawa akwai ilimi, sai dai ba ya bin ɗalibi, ɗalibi ke bin sa. Ran da na je na zauna a ɗakin malamai kusan awa guda. Na ga waɗanda suka sa hannu suka fice neman na cefane, ban kuma yi saurin zarginsu ba, na san yadda albashi yake ƙarewa kafin wata ya raba. Amma na ga wani malamin lissafi, mai furfura a gemu, yara uku sun kewaye shi lokacin tara yana warware musu tambaya a bayan takarda, shayinsa ya huce bai kula ba. Kowace makarantar gwamnati tana da irinsa biyu ko uku. Da yawansu sun fi na makarantun kuɗi takardu da gogewa, wasunsu ma su ake kira su duba takardun WAEC, sun san inda ake ba da maki da inda ake rasa shi. Abin da ya kashe musu gwiwa shi ne babu mai tambaya. Ka nemo su. Ka je da ladabi, ka gaishe su, ka kai tambayar da ka riga ka gwada ka kasa, ba wadda ba ka taɓa ba. Malami in ya ga yaro yana so, sai ka ga ya fito da abin da ya daɗe da adanawa.

Ka riƙa sammako ka kama bencin gaba. A ajin mutum 90, layi uku na farko su ne makarantar, sauran zaman jira ne. Na san daga gidan baffanka akwai tafiya, kuma a-daidaita-sahu ya yi tsada, amma in ka fita bayan asuba da karin kumallo a hannu za ka riga kowa.

Ka samo manhajar WAEC ta kowane darasi, ka riƙa yi wa abin da aka koyar alama. Abin da zangon karatu ya ƙare ba a taɓa ba, ka san bashi ne a kanka, domin mai shirya jarrabawa ba ruwansa da ko malaminku ya zo. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kada ku wuce haka, masu son karatu ba masu hirar ƙwallo ba, kowa ya ɗauki babi ya koya wa sauran. Sai ka tashi koya wa wani kake gane ramin da ke cikin saninka, wannan na koye shi ne a gaban allo. Ranar Asabar in babu Islamiyya, ka tafi ɗakin karatu na Murtala Muhammad, ko don shirun wurin.

Turanci kuwa sai na ja kunnenka a kansa, don shi ne ƙofar sauran. Ba a samun gurbin jami'a a fannin kimiyya sai da kiredit biyar da Turanci da lissafi a ciki, kuma yara da yawa suna faɗuwa fiziks ne ba don lissafin ya gagare su ba, tambayar ce ba su fahimta ba. Kullum ka karanta shafi biyu da ƙarfi, ko na tsohuwar jarida ne, ka rubuta kalmomin da ba ka sani ba a ƙaramin littafi. Duk mako ka rubuta insha'i ɗaya ka kai wa malamin Turanci. Kada ka ji kunyar yin kuskure a gaban 'yan aji, masu dariyar ba su za su zauna maka jarrabawa ba.

Maganar gwaje-gwaje ita ce ta fi damuna, don wannan ba a koyon ta a littafi kaɗai. Yaron da bai taɓa ɗiga sinadari cikin wani ya ga launi ya juya ba, hannunsa rawa zai yi ranar jarrabawa. Na yi magana da baffanka, zai samu shugaban makarantar da sauran iyaye a taron iyaye da malamai mai zuwa, a ga ko za a haɗa ɗan abin da za a sayi sinadarai a jawo ruwa ɗakin. Ni ma zan zo in Allah Ya yarda, kuma zan yi magana. Mu iyaye mun yi sakaci, sai mu tura yara mu juya baya, ba mu zuwa sai an kira mu kan laifi. Kafin nan, wayar da ke hannunka tana da bidiyon waɗannan gwaje-gwajen, ka sa datarka a can.

Kada kuma ka manta da jarrabawar kwalifayin da za ku yi a wannan aji. Wanda ya ci, gwamnatin jiha takan biya masa kuɗin NECO. Ka san abin da fanshona yake, ka san ƙannen ummanka biyu ma a wuyana suke. In ka ci ta ka sauke mini kaya mai nauyi, kuma za ta nuna mana inda kake tun da sauran lokaci. In kuma ka yi iya yinka aka zo babbar jarrabawa wani darasi ya kayar da kai, ba zan yi fushi ba, wallahi. Za mu sake biya ka sake zama, ko sau biyu ne.

Na ba direban da zai kawo maka wannan takarda kuɗi a cikin ambulan. Ka sayi littattafan tambayoyin baya na lissafi da Turanci da kimistiri, canjin ka riƙe na mota. Ummanka ta sa ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ta ce ka ba matar baffanka nata kason kafin ka taɓa. In kun samu hutu ka taho da littattafan rubutunka duka, har waɗanda babu komai a ciki, ina so mu zauna mu duba su tare. Ka gaishe mini da baffanka, ka ce masa ina nan tafe ranar taron.

Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa ƙirjinka.

Wassalam,
Mahaifinka.