Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Kano Kan Hanyar Jirgin Ƙasan Cikin Gari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Gidan Rumfa, Kano.
Ta hannun masu unguwanninmu da hakimanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin San Kano. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga mahaifi, mu magidanta da malamai da 'yan kasuwa da iyaye mata na unguwannin cikin Badala, daga Yakasai da Zango da Mandawari har Jakara da gindin Dala, tare da maƙwabtanmu na Fagge, mun kawo kukanmu kan jirgin ƙasan da ake ta maganar yi wa birnin nan, da gardamar da ta raba kan mutane: a ɗora shi a sama bisa ginshiƙai, ko a haƙa masa hanya a ƙarƙashin ƙasa.

Mu fara da cewa muna son jirgin. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Kantin Kwari bayan la'asar, ko ya maƙale cikin adaidaita sahu tsakanin Bata da 'Yankura, ya san titunan Kano sun gaji. Tun 2016, da gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniyar kusan dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin, muke jin zancen nan yana tashi yana kwantawa. Fatanmu a yi shi muna da rai. Damuwarmu ita ce inda za a bi da shi.

Ranka ya daɗe, masu son a ɗora jirgin a sama bisa ginshiƙai suna da hujja. Ya fi araha nesa ba kusa ba, ya fi saurin kammaluwa, ruwan sama ba ya cika shi. Sukan kawo misalin jirgin da ke ɗaukar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a 2010 bisa gada mai tsawon kilomita 18, kuma da yawa daga cikinmu sun hau shi. Sukan ambaci na Legas, daga Marina zuwa Mile 2, da ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Duk gaskiya ne. Amma jirgin alhazai tantuna da fili yake ratsawa, na Legas kuwa babban titi yake bi ya haye ruwa. Babu ɗayansu da ya bi ta kan gidan Bakano.

Gidan cikin birni a buɗe yake ta sama. Zaure da soro da doguwar katanga an yi su ne don tare idon mai tafiya a ƙasa. A tsakar gida mata ke girki da wanki da kitso, nan ake shanya, nan ake kwana lokacin bazara, kuma makewayi da yawa ba su da rufi. Jirgin da zai wuce a tsayin bene hawa biyu ko uku, cike da ɗaruruwan mutane, daga asuba har dare, ya cire wa waɗannan gidaje sutura gaba ɗaya. A unguwanninmu ko bene mutum zai ɗora, sai an zauna da maƙwabta a kan inda tagarsa za ta kalla, in ta ƙi a je gaban mai unguwa ko alƙali. To wa za mu kai ƙara in tagar ta jirgi ce? Iyayenmu mata da suka sa hannu a takardar nan sun ce in an manta da komai, kada a manta da wannan.

Sai maganar faɗin hanya. Lungunan cikin birni ba su da wurin da za a dasa ginshiƙi, balle tasha mai matattakala hagu da dama. Kafin a samu wurin sai an yi rusau mai yawa, kuma mun san abin da faɗaɗa titi ya yi wa gadonmu. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, yau sai an nuna wa yaro gurbinta a wurare da dama. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa saboda titi, abin da ke tsaye yanzu sabon gini ne. Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata sun haura shekara 500. Hawan Sallah da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024 yana buƙatar sarari, kuma mahaya sun san halin doki in ƙarfe ya yi ƙara a kansa.

Kada Mai Martaba ya ɗauka cewa kanmu ya haɗu a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa. A zaman da muka yi, magina da masu haƙar rijiya a cikinmu su suka fi kowa nuna tsoro. Sun ce Kano kan dutse take zaune, Dala da Goron Dutse shaida ne, kuma fasa dutse a ƙarƙashin gidajen ƙasa masu rufin azara ba wasa ba ne. Ga rijiyoyi, ga masai, ga maƙabartu tsofaffi da wasunsu an daɗe da yin gini a gefensu. Ga kuma ruwa. Kududdufan da suke shanye ruwan damina an cike da yawansu an yi gini, magudanan Jakara na toshewa, kuma ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ba ta bar zukatan 'yan kasuwa ba. In gadar ƙasa ta mota tana tara ruwa bayan mamakon awa ɗaya, me zai faru da ramin da ya fi ta zurfi, wanda iskarsa da fitilarsa da injin zuƙe ruwansa duk sun dogara da wutar lantarki? Kuɗinsa ma yakan ninka na gada sau biyu ko fiye, bashin kuwa jikokinmu ne za su biya.

Abin da ya sasanta mu shi ne darasin Alƙahira. Layinsu na farko, wanda aka buɗe a 1987, ya haura kilomita 40, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai kai kilomita 5 ba. Tsofaffin layukan dogo biyu na bayan gari suka haɗa da ɗan gajeren rami a tsakiyar birni. Mu ma muna da layin dogo. Tun 1911 jirgi ya iso Kano, kuma a wajen Badala aka ajiye tasharsa. Hanyar da ta taho daga Zariya ta Challawa tana nan, wadda ta nufi Nguru tana nan. Legas ma da za ta yi layinta na Agbado zuwa Oyingbo, filin layin dogon da ke akwai ta bi.

Don haka roƙonmu na farko, kuma mafi girma, Mai Martaba ya isar wa gwamnatin jiha da ta tarayya cewa kada a dasa ginshiƙin jirgi ko ɗaya a cikin Badala. A manyan tituna masu faɗi, irin titin Zariya da na Maiduguri da na Haɗeja da na Katsina da na Gwarzo, a ɗora shi a sama ko a shimfiɗa shi a ƙasa yadda injiniyoyi suka ga ya dace, ba mu da ja, sai dai a sa shingen da zai tare ido da ƙara a duk inda ya kusanci gidaje. In ya iso tsohon gari ya kewaya, a yi tashoshi a wajen ƙofofi, Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal da Kabuga, mutane su ƙarasa ciki da ƙafa ko adaidaita sahu, su ma masu wannan sana'a su ci abinci. In kuwa masana sun dage lallai sai ya ratsa ciki, to ya zama gajeren rami mai zurfi, bayan an auna ƙasa da ruwa, an kuma tanadar masa wutarsa ta kansa.

Muna kuma roƙon a nuna wa jama'a taswirar hanya tun tana kan takarda. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto mutane su gani su yi magana. Rahoto da Turanci a cikin ofis ba zai kai ga tsohuwar da ke Lungun Jakara ba. A fassara shi da Hausa, boko da ajami, a karanta a rediyo, a zauna a ƙofar gidan kowane mai unguwa da abin ya shafa, a ware wa mata nasu zaman.

Batun diyya shi ke hana wasunmu barci. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 gini da shuka take biya, ba ta biyan ƙasar kanta. Ginin ƙasa kuwa nawa mai ƙiyasi zai yi masa kuɗi? Galibin gidajenmu na gado ne, magada ashirin ko talatin a gida ɗaya, babu takardar shaidar mallaka sai shaidar mai unguwa da maƙwabta. Muna roƙon a karɓi wannan shaida, a biya kafin a taɓa katanga, kuma a tuna da ɗan haya da mai rumfa da mai tebur, waɗanda kasuwarsu ke mutuwa duk lokacin da aka toshe titi da kwano shekara da shekaru ana aiki. A ƙarshe muna fatan Masarauta ta samu kujera a duk kwamitin da zai yanke hanyar, domin ita ce ta san inda kabari yake da inda masallacin unguwa ya tsaya.

Mun haɗa da sunayenmu da sa hannunmu unguwa-unguwa, kuma a shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da aka neme mu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Talakawan Sarki,
mazauna unguwannin cikin Badala da Fagge.