Wasiƙar godiya ga maƙerar da ta ƙera mana kwalkwalin Sutton Hoo

Maigida da dukkan masu aiki a maƙerarku, sannunku da aiki.

Ina koyarwa a wata makarantar firamare a yankin Suffolk da ke Ingila, inda tarihin Anglo-Saxon, mutanen da suka mulki Ingila a zamanin da, yake cikin manhajar yara. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a, da Hausa kuma, don 'yan uwana malamai da iyaye mazauna ƙasar nan su san cewa har yanzu akwai maƙeran da ba sa ha'inci.

Abin da makarantarmu ta nema shi ne kwafin kwalkwalin da aka tono a Sutton Hoo, kusa da garin Woodbridge, a shekarar 1939, cikin kabarin da aka binne jirgin ruwa mai tsawon kusan mita 27. Masana da yawa suna ganin kabarin Sarki Raedwald ne na tsohuwar masarautar Gabashin Angliya, wanda ya rasu wajen shekarar 625. Neman wanda zai yi aikin ya ba mu wuya. Masu sayar da irinsa a intanet sun yi yawa, amma galibi gwangwani ne mai ƙyalli da aka haɗa da walda aka shafa masa fenti. Yaro yana ɗagawa zai ji ba nauyi, alhali an ƙiyasta na asalin ya kai kilo 2.5.

Ku kuwa kafin a yi maganar kuɗi sai da kuka zaunar da mu kuka faɗa mana gaskiya. Babu wani a zamaninmu da ya taɓa ganin kwalkwalin nan cikakke, domin rufin kabarin ya rufta masa bayan ya yi tsatsa, ya farfashe gutsi-gutsi, ɗaruruwa. Herbert Maryon ya fara harhaɗa shi a gidan tarihi na British Museum da ke Landan bayan yaƙin duniya na biyu, daga baya aka ga haɗin bai yi daidai ba, aka wargaza, Nigel Williams ya sake haɗawa tsakanin 1970 da 1971. Kuka ce haɗin Williams za ku bi, tare da kwafin da Royal Armouries, gidan adana kayan yaƙi na Birtaniya, ta ƙera a 1973, kuma duk inda guntun asali ya ɓace za ku nuna mana cewa nan hasashe ne. Kun cika alkawari, har takarda kuka haɗo mana da zanen da ya raba tabbas da zato.

Ba zan manta da yadda kuka yi adon jikinsa ba. Ni da na ɗauka sassaƙa ake yi da hannu, ashe bugawa ake yi. Sai da kuka zuba hatimin tagulla mai ɗauke da zanen, mayaƙa biyu suna rawa riƙe da mashi, da wani na mahayin doki yana tattake abokin gaba. Sannan a ɗora fallen tagulla siriri da aka shafa wa kuza a kan hatimin, a rufe da dalma, a sauke guduma. Ana ɗagawa sai ga zanen ya fito raɗau. Falle bayan falle haka, kowanne a ɗaure shi a jikin ƙarfen da siraran sanduna da ƙananan ƙusoshi. Kuzar ce take sa kwalkwalin haske kamar azurfa, abin da mai kallon na asalin a Landan, wanda tsatsa ta mayar ja, ba zai taɓa zato ba.

Fuskar ita ce ta fi burge yara. Hanci da gashin baki da gira biyu sun haɗu sun zama dodo mai tashi, girar ce fuka-fukansa, ƙarshen kowace gira kuma kan aladen daji ne. A nan na ƙara yarda da ku. Jajayen duwatsun ganet da ke ƙasan girar dama suna da fallen zinariya a bayansu don su yi walƙiya, na hagu kuwa babu. Wani maƙerin da sai ya daidaita su don kada a ce ya yi kuskure. Kuka bar shi yadda aka same shi, kuka kuma bayyana mana cewa wasu masana suna danganta hakan da Woden, abin bautar Anglo-Saxon mai ido ɗaya. Har hudojin numfashi biyu da ke ƙasan hancin ba ku manta ba.

Aikin ya ɗauki lokaci, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne, sai da ƙungiyar iyaye ta taimaka. Amma ba ku ƙara ko sisi a kan abin da aka yi yarjejeniya ba, kuma a kowane mataki kuna turo hotuna. Inda kuka yi amfani da kayan zamani, kamar shimfiɗar ciki da za ta kare kan yara, kun faɗa tun farko.

Yanzu kowane aji yana samun ranarsa da kwalkwalin, kuma makarantu biyu na kusa sun riga sun nemi aro. Duk wanda ya tambaye ni inda za a yi irin wannan aiki, wurinku zan turo shi, tare da gargaɗin ya tanadi haƙuri. Allah Ya ƙara basira, Ya yi wa sana'a albarka.

Taku,
Wata malamar firamare a Suffolk