Gobarar kasuwa: littafin bashi ma yana ƙonewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in tuna wa 'yan'uwana 'yan kasuwa wani abu da muke sakaci da shi har sai masifa ta auku.

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Maiduguri kuwa wuta ta tashi a kasuwar Monday Market a Fabrairun 2023, kuma kafin mutane su gama farfaɗowa sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye gari har da kasuwar. Kowane lokaci ana jajantawa, ana kafa kwamiti, ana raba tallafi, amma tallafi bai taɓa mayar wa mutum jarinsa na shekara ashirin ba.

Wani maƙwabcina mai sayar da atamfa ya yi asara a irin wannan gobara, kuma da na je jaje abin da ya fi yi masa ciwo shi ne littafin bashinsa da ya bari a cikin durowa. Dilolin atamfa sun tafi, wannan ya haƙura, amma kuɗin da yake bin mutane, wanda da shi zai sake tayar da shago, ya zama sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. Waɗanda suke binsa kuwa ba su manta ko kwabo ba. Da ya riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya kowane mako, ko ya ajiye kwafi a gida, da yana da hujjar neman haƙƙinsa.

Na san za a ce ƙaddara ce, kuma haka ne, sai dai addini bai hana ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba. Bai dace mutum ya tara dukan hajarsa a rumfa ɗaya ba alhali zai iya raba ta da wani sito a wata unguwa, haka nan kwana da tsabar kuɗi a shago ganganci ne. Masu ƙyamar inshora saboda kuɗin ruwa su bincika tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda yanzu akwai kamfanoninsa a Najeriya.

Shugabannin kasuwa su ma da nasu aikin. Wutar lantarki da ake dawo da ita da tsakar dare a kan wayoyin da aka jona barkatai, da galan-galan na fetur da ake ajiyewa kusa da janareta, kowa ya san su. Sannan teburan da aka kafa a tsakiyar hanya su ne ke tare motar kashe gobara a bakin ƙofa. Ina kira da a buɗe waɗannan hanyoyi kafin hunturu ya kama, a kuma ba kowane mai gadi lambar 'yan kwana-kwana.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kano