Kitsen da wuƙa ba ta iya cirewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in amsa wa 'yan uwana Damagarawa masu tare ni a hanya suna cewa, "Alhaji, lafiya ka rame haka?"

Ni mahauci ne, kilishi kuma gadon gidanmu ne. Duk mai wannan sana'a ya san kitse iri biyu ne. Akwai na saman nama, wanda wuƙa ke ɗauke shi tas. Akwai kuma wanda ya ratsa cikin tsoka kamar farin zare, sai ka shanya a rana ka ga yana naso. Shekara talatin ina ganinsa a naman shanu, ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma ina ɗauke da shi ba.

Bara aka auna mini suga da safe kafin in karya, aka samu giram 1,18 a lita. Likitar ta ce in ya kai 1,26 ya zama ciwon suga. Nauyina a lokacin kilo 104. Da ta ji sana'ata, sai ta yi mini bayani da nama. Ta ce insulin, wani sinadari da jiki ke yi, shi ne ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka, tsoka kuwa ita ke shanye mafi yawansa. In ma'ajiyar kitsen jiki ta cika, rarar sai ta malala cikin hanta da tsoka. Can take toshe wa tsoka kunne, insulin ya yi ta sallama ba mai amsawa. Jiki ya ƙara zubo shi, ya ƙara, har gaɓar da ke yin sa ta gaji.

Ba ta ce in koma kamar karan dawa ba. Rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyi ma yana sa tsoka ta fara ji. A Amurka an gwada wa masu irin halina rage kashi 7 da motsa jiki minti 150 a mako; sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58.

Na bar shayin majalisa mai zagaye uku, na bar fura da sukari da dare. Kabu-kabu ma na sallame shi, daga Birni zuwa Kasuwar Dole da ƙafa nake zuwa. Tafiyar ba ado ba ce. Masu tseren dogon zango ma suna da kitse a tsoka, amma ba ya cutar da su, domin kullum ana ƙona shi ana sabuntawa. Wanda ya kwanta a tsokar da ba ta aiki shi ne masifa.

Wata takwas na sauko kilo 96, suga ya dawo 1,02. Tumbin yana nan, ya ɗan saɓa ne kawai.

Abin da ke ba ni takaici, a kasuwar nan nake ganin 'yan mata suna sayen ƙwayar ƙiba wajen masu talla, alhali wasu ƙwayoyin, irin su dexamethasone, su ma suna tayar da suga. Gwaggona kuwa har yanzu man shanu take aiko mini, wai uwargida ba ta kula da ni. Ina karɓa in yi godiya, in miƙa wa yara.

Wassalam,
Wani mahauci, Birni, Damagaram